Tambayi Bakanike: Babur Ɗin Ƙanƙara Na Dukan Ƙugu, Gaba Na Fizga

Sanyi ya sauka a ƙasashen arewacin duniya, masu baburan ƙanƙara sun fito da su daga ma'ajiya, wasiƙun da ke zuwa wannan fili kuma sun koma kusan kuka ɗaya: bayan babur na duka, kansa, wato sitiyari, ya yi nauyi, gaba na fizge-fizge. Na ware guda shida. Amma bari mu fara daidaita sunaye, kada ina faɗin abu kuna hango wani.

A gaba akwai takalma biyu masu silalo, su ne siki, kowanne da hannuwansa na ƙarfe da shokazoba mai sifirin. A baya akwai babban bel na roba mai haƙora, irin tsarin katafila, shi ke tura babur. A cikin bel ɗin akwai abin da ni nake kira gado: dogayen ƙarafa biyu a kwance, da hannu ɗaya a gaba mai riƙe da shokar tsakiya, da hannu ɗaya a baya mai tasa shokar da nasa sifirin.

Abin da nake so ku riƙe tun daga nan shi ne, wannan babur tamkar kujera ce mai ƙafa uku. Siki ƙafa ɗaya, gaban gado ƙafa ta biyu, bayan gado ta uku. Nauyinsa da naka ba sa ƙaruwa, ba sa raguwa. Duk abin da ka ɗauke wa ƙafa ɗaya, sauran biyun ka ɗora wa. Yawancin baburan da ake kawo mini da ciwon gaba, a baya nake samo maganinsu.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Nauyina kilo 110 ne, in na sa kayan sanyi ya wuce haka. Duk sanda na shiga hanyar da ta yi kunya-kunya, sai bayan babur ya ƙure ya buga, har ina ji a ƙashin bayana. Na ɗaure sifirin ɗin baya har matakin ƙarshe. Dukan ya ɗan ragu amma bai daina ba, kuma yanzu a ƙananan gargada ji nake kamar a kan katako nake zaune. Me ya rage ban yi ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Awo ne ya rage. Ka ɗaure sifirin da ji, ba ka sa tef ba, kuma ba kai kaɗai ba ne, kusan kowa haka yake farawa.

Ka samu daɓe mai tauri da ba shi da gangara. Ka kakkaɓe duk ƙanƙarar da ta maƙale a cikin gado, don ita kanta nauyi ce, kuma tana riƙe hannuwan. Ka ɗaga bambar baya har gado ya miƙe iya miƙewarsa, bel na taɓa ƙasa, ka auna daga ƙasa zuwa bamba. Sannan ka hau ka zauna inda ka saba zama, da hular kwano da takalma da jakar da kake ɗaurawa a baya, ka ɗan yi tsalle sau biyu ya zauna da kyau, wani ya sake aunawa a daidai wurin farko. Bambancin awon biyu shi ne lotsawa. Littattafan baburan ƙanƙara ƙirar Ski-Doo na samfura da dama sun ce a same ta tsakanin milimita 50 zuwa 75. Wasu masu dogon zangon shoka sun fi haka, don haka ka buɗe littafin naka ka ga lambarsa.

To ga inda maganar take. Ɗaure sifirin ba ya ƙara masa ƙarfi. Ɗauki misalin sifirin da ke buƙatar kilo 20 kafin ya matsu santimita ɗaya. Ko ka ɗaure shi har maƙura, kowane santimita na gaba kilo 20 ɗin nan dai zai ci. Abin da ɗaurin ya canza kawai shi ne inda zai fara motsi. Shi ya sa ƙananan gargada suka daina motsa shi har kake jin katako, amma babban rami na zuwa ya cinye zangon gaba ɗaya ya buga. Ka sami wahala biyu a kuɗin ɗaya.

In ka auna ka ga a matakin ƙarshe ma lotsawar ta wuce abin da littafi ya ce, sifirin ɗin ya yi maka kaɗan. Kamfanonin kan haɗa babur ne da lissafin mutum matsakaici, kuma suna sayar da sifirin masu kauri don irinku. Ka sa su, ka dawo da ɗaurin matakin farko ko na biyu. Za ka sha mamaki, don sifirin mai ƙarfi da aka ɗaure kaɗan ya fi mai laushi da aka shaƙe daɗin zama. Ka lura kuma, sifirin ɗin baya a yawancin baburan nan biyu ne, hagu da dama, kowanne da ɗan tubalinsa mai matakai. Dole su kasance a mataki ɗaya.

In kuwa lotsawar ta fito daidai amma dukan na nan, sai mu juya kan shoka. Ka danne bamba da ƙarfi ka saki. In ta taso fit kamar an harba ta, ko ta yi lilo sau biyu, ko ka ga danshin mai a jikin sandar shokar, to ta mutu, sifirin kaɗai ke aiki.

Wata 'yar dabara da nake yi wa kowane babur: ina ɗaura siririyar robar nan ta ɗaure wayoyin lantarki a jikin sandar shoka, in tura ta har gindi. Bayan an yi zagaye, inda robar ta tsaya shi ne iyakar inda shokar ta kai. In ta taɓa ƙarshe sau ɗaya ko biyu a wuni, a ramin da ya fi kowanne muni, wannan ba laifi ba ne, zangon da ka saya ne kake mora. In kuwa ko rabi ba ta kaiwa, ka ɗaure babur fiye da kima.

Tambaya: Malam, nawa babur ɗin a dusa mai laushi lafiya lau yake. Amma da na hau hanyar da aka daddaɓe ta yi tauri, sai gaba ya riƙa fizga hagu da dama kamar wani ke riƙe da kan. Ya fi tsanani in na saki totur. Wani abokina ya ce in sayi sabbin siki. In saya?

Amsa: Ƙanena, dakata da sayen tukuna. Wannan fizgar ta ba mutane da yawa tsoro, kuma tana da haɗari na gaske a wurin gilmawa da wani, amma sau da yawa sifana da tef sun ishe ta.

Ka fara gane abin da ke faruwa. A ƙasan kowane siki akwai sandar ƙarfe mai bakin kabayid, wani abu mai tsananin tauri, ita ce wuƙar da ke cizon ƙanƙara ta juya babur. Kowane babur da ya wuce gabanka ya bar layukan wuƙaƙensa a hanya. Taka wuƙar na faɗawa cikin layin wani ta bi shi, ta fito ta faɗa na wani. Da ka saki totur nauyi ya zubo gaba, wuƙar ta ƙara nutsewa, fizgar ta ƙaru. Masu inji mai bugu huɗu sun fi jin wannan, don injinsu na riƙe babur da kansa in an saki wuta.

Ni da ɗaga gaba nake farawa. In siki ya bar ƙasa, sai in kama shi in girgiza hagu da dama, sama da ƙasa, ina kallon kowace gaɓa: kawunan sandar sitiyari, bushin na hannuwa, ƙusar da ta ratsa sikin. In akwai wasa a nan, duk wani saiti ɓata lokaci ne, sai an canza abin da ya ci. Daga nan in kalli wuƙar kanta. Dutse ɗaya ya isa ya lanƙwasa ta, kuma lanƙwasasshiyar wuƙa ba ta san miƙe ba.

Sai saitin baki. Nan ne gizo ke saƙar. Ana so bakin siki biyu ya ɗan buɗe waje, wato tazarar gabansu ta fi ta bayansu da kamar milimita 3, wasu littattafan har 6 suke yarda. In bakin ya tsuke ciki ko da kaɗan ne, siki biyu za su yi ta jayayya, wanda ya fi samun cizo a wannan daƙiƙar shi ke jan babur. Amma kada ka auna siki kafin ka tabbatar bel na tafiya a tsakiyar gado, don daga jikinsa ake ɗaukar miƙe. Ka jingina doguwar sandar ƙarfe miƙaƙƙiya a gefen bel ta wuce har gaba, ka miƙar da kan babur, ka ɗaura roba mai talewa tsakanin kawunan siki biyu ta ɗan ja su ciki don ta cinye wasan da ke gaɓoɓi. Sannan ka auna daga sandar zuwa wuƙar, santimita 25 gaba da ƙusar siki, santimita 25 bayanta, kowane gefe. Daga wuƙa fa, ba daga gefen robar siki ba, don robar na iya karkacewa.

Akwai kuma wani ɗan abu da ake mantawa. Tsakanin siki da ƙafar da ke riƙe da shi akwai kumburin roba. In ya tsufa ya lotsa, siki kan kifa da gaba, kan wuƙar ya riƙa fara cin ƙasa, shi ne kuwa mai farautar layi. Sabon roba, ko ɗan siririn abu da aka cusa a ƙarƙashin bayan tsohon, yana mai da nauyi kan bayan wuƙar. Na sha ganin wannan kaɗai ya kwantar da babur.

In duk ka yi waɗannan kuma saura na nan, ka ƙara wa sifirin ɗin shokar tsakiya ɗauri zagaye ɗaya ko biyu ya rage wa siki kaya. Bayan wannan ne maganar abokinka za ta shigo. Siki ko wuƙa mai baki biyu tana rage fizga sosai, don ba ta shiga layin wuƙa ɗaya, sai dai takan ɗan rage kaifin juyawa a kwana. Wanda ya sa ta a kan saitin da ya karkace, ya rufe ciwo ne da bandeji.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na sayi babur na hannu daga wani mutum mai jiki, ni kuma kilo 58 ce. Kafin awa ɗaya kafaɗuna sun gaji, juya kan kamar ɗaga buhu. Yayana ya sa giris a sandar sitiyari da duk gaɓoɓin gaba, amma babu canji. Ko dai babur ɗin ya fi ƙarfina ne?

Amsa: 'Yar'uwa, bai fi ƙarfinki ba ko kaɗan, kuma ina roƙon kada ki sayar da shi a kan wannan. Giris ɗin da yayanki ya sa aiki ne mai kyau, sai dai an bar jaki ana dukan taiki. Matsalar a ƙarƙashin kujerarki take.

Mai shi na farko ya ɗaure bayan babur daidai nauyinsa. Ke da kika hau, bayan bai lotsa yadda ya kamata ba, ya tsaya a sama, babur ya kifa gaba ya zuba nauyinsa a kan siki. Don haka abu na farko shi ne awon da na bayyana wa mai tambaya ta farko, sai dai ke sassautawa za ki yi. Ki sauko da tubalan sifirin ɗin baya mataki-mataki har lotsawarki ta shiga lambar littafi. Ina kyautata zaton rabin nauyin kan zai tafi a nan.

Na biyu, shokar tsakiya. Ita ce ƙafar da ke tsakiyar kujera. In aka ƙara wa sifirinta ɗauri, gaban gado kan danna ƙasa da ƙarfi ya ɗauke wa siki kaya, kai ya yi sauƙi. Zagaye ɗaya, ki gwada, ki ƙara ɗaya. Za ki san kin wuce gona da iri ranar da kika juya kai a kwana babur ya ci gaba da tafiya miƙe. In haka ta faru ki koma baya zagaye ɗaya. Tsakanin kai mai nauyi da babur mai ƙin juyawa akwai ɗan wuri matsattse, nan ake nema, kuma naki wurin daban yake da na yayanki.

Na uku, ki leƙa gaban gado za ki ga ɗamara mai ramuka, ta roba ko ta zare mai kauri, da ta ɗaure hannun gaba da dogayen ƙarafan. Ita ke iyakance yadda gaban gado zai sauka. In an gajarta ta, gaban gado na rataye, siki ne ke ɗauke da kayan. An taɓa kawo mini wani babur da mai shi ya ce har ya fara zuwa gashin kafaɗa saboda shi. Na kwanta a ƙasa da tocila na leƙa, sai ga ɗamarar an tsuke ta rami biyu, ramin asali ma har ya yi baƙin shatin washa, ana ganinsa sarai. Wanda ya sayar masa mai son tsere a kwana ne. Noti ɗaya muka kwance muka mai da ita gurbinta. Da ya dawo daga gwaji bai ko cire hular kwano ba ya kama hannuna da hannu biyu. In kin taɓa wannan ɗamara, a sake duba ɗaurin bel, don yana canzawa.

Doguwar ɗamara tana da nata halin: in aka ba da wuta gaba kan tashi sama. Masu hawan dutse cikin dusa mai zurfi haka suke so. A hanya kuwa, in tashin ya yi yawa, akwai 'yan tubala a bayan gado da ke haɗa motsin hannun baya da na gaba. In aka juya su zuwa gefe mai kauri, haɗin kan zo da wuri, siki ya zauna a ƙasa, amma zaman kan ɗan ƙara tauri.

Ki duba tsawon kabayid ɗin wuƙar ma. Ana samun mai inci 4, 6 da 8. Dogon an yi shi ne don babur da aka dasa wa ƙusoshi a bel, mai turawa da ƙarfi. In bel ɗinki ba shi da ƙusa, inci 8 wahala ce kawai a kafaɗarki.

Kuma ki yi amfani da jikinki. Tun da Ski-Doo ta fito da tsarin REV a 2003 ta matso da mahayi gaba, baburan zamani suna jin motsin mai su ƙwarai. Ki karkata cikin kwana, ki riƙe ɗan totur kada ki saki gaba ɗaya, za ki ji kan ya saki.

Tambaya: Ranka ya daɗe, shokokina suna da maɓallan juyawa biyu-biyu. Na ƙara duka don in samu ƙarfi. Yanzu in na shiga kunya-kunya a jere, ta farko da ta biyu lafiya, daga ta huɗu sai babur ya zama dutse. Na rasa inda suke tun farko.

Amsa: Ɗan'uwa, ka shaƙe dawowa. Ɗaya maɓallin na kula da saurin nutsewar shoka, ɗayan na kula da saurin dawowarta. A ciki fistin ne ke tura mai ta ƙananan ƙofofi, maɓallin kuma tsuke ƙofar yake ko ya buɗe ta. Da ka tsuke ƙofar dawowa, shoka ta nutse a tudu na farko, ba ta gama miƙewa ba na biyu ya zo, ta ƙara nutsewa, haka har zangon ya ƙare a na huɗu. Mutane kan ji wannan taurin su ɗauka nutsewa ce ta yi ƙarfi, su sassauta ta, abin ya ƙara lalacewa.

Komawa gida ba wuya. Ka juya kowane maɓalli hannun agogo a hankali har ya tsaya, da yatsa biyu, ban da ƙarfi, don allurar ciki siririya ce. Daga nan ake ƙirge. Ka dawo baya kana ƙirga ƙas, ƙas, har adadin da littafi ya ba da. In babu littafi a hannu, ka ƙirga duka ka tsaya a tsakiya.

Sannan ka zaɓi hanya guda, kamar kilomita ɗaya, mai tuddai da kwana, ka yi ta maimaita ta a gudu ɗaya. Maɓalli ɗaya, ƙas biyu, zagaye ɗaya, ka rubuta. Ni ɗan littafi da fensir nake ajiyewa a aljihun ƙirji, don biro na daskarewa. In baya ya fara harbinka sama bayan tudu, dawowar ta yi sauri, ka tsuke ta ƙas ɗaya. Wanda ya juya abu uku lokaci guda, ko ya dace bai san wanne ya yi aikin ba, gobe in dusa ta canza ba shi da madafa.

Sai dai maɓalli ba ya tada matacciyar shoka. Shokar tsakiya da ta baya cikin dusa da ruwa suke wuni, kuma ruwa na samun hanya ta bakin sil, wato robar da ke toshe bakin shoka. Na buɗe wata a sanyin da ya wuce, man da ya kamata ya fito garau ya zubo toka-toka mai kumfa, yana warin ƙuna, da ɗigon ruwa suna yawo a ƙasan kwano. Mai ita ya ce da asuba babur kan ƙame ƙam, ko ya lotsa ya ƙi tashi, amma in ya kwana a gareji mai ɗumi sai ya warke. Ruwan ne ke daskarewa a cikin bawul. Shokokin kamfanonin Fox, KYB da Walker Evans masu jikin alminiyam galibi ana buɗe su a canza mai da sil a sake cika su. Mai hawa sosai ya yi haka kowace shekara kafin sanyi. Amma ina gargaɗi da babbar murya: a cikinsu akwai iskar naitirojin da aka matse, sau da yawa wajen psi 200 a ma'aunin matsin iska. Wanda ba shi da allurar sauke ta da kayan cikawa, ya kai wa mai su.

Tambaya: Malam, shokokin gabana na iska ne, Fox Float. Ina sa psi 70 a gareji, amma a waje sai gaba ya yi laushi. Suna yoyo ne?

Amsa: Mai yiwuwa lafiyarsu ƙalau, ƙanena. Iska na tsukewa a sanyi. In garejinka na digiri 20 sama da sifili, waje kuma 20 ƙasa da sifili, psi 70 ɗinka zai koma wajen 58 ba tare da ko ɗigon iska ya fita ba. Ka bar babur a waje ya huce, ka ɗaga gaba siki ya bar ƙasa, sannan ka cika da ɗan famfonsu na musamman, hagu da dama lamba ɗaya. Kowane ɗaura famfo na shan iska kaɗan zuwa cikin tiyo, kada wannan ya ruɗe ka. In ka cika a sanyi, ka dawo bayan kwana biyu a sanyi irinsa ka ga ɗaya ta faɗi ta bar 'yar'uwarta, to a nan ne za a yi maganar sil.

Tambaya: Salam Malam. Mun tsallaka wani daskararren tafki da babu dusa a kansa, sai na ji warin roba na ƙuna, babur ya yi nauyi. Da na dawo na sassauta bel. Yanzu kuma in na ba da wuta da ƙarfi sai in ji ƙara tat-tat-tat daga ƙasa. Na ɓata wani abu ne?

Amsa: Wa alaikas salam. Abu biyu ne suka same ka a jere, na biyun kuma gyaran na farko ne ya haife shi.

Baburan farko, irin wanda Joseph-Armand Bombardier ya fara sayarwa a 1959 daga Valcourt ta lardin Kwibek a Kanada, a kan jerin ƙananan tayoyi bel ɗinsu ke gudu. Kamfanin Arctic Cat ne ya kawo tsarin silalo a samfurin Panther na 1966, inda bel ke goga a ƙarƙashin dogayen ƙarafa da aka sanya wa doguwar roba mai santsi. Tsarin ya fi daɗin zama nesa ba kusa ba, shi ya sa kowa ya koma kansa, amma yana da sharaɗi: dusa ce man shafawarsa, ita ce kuma mai sanyaya shi. A kan tsurar ƙanƙara babu abin da ke fantsama ciki, robar ta yi zafi ta fara narkewa tana manne wa ƙarafan bel. Warin da ka ji ke nan. In ka tsaya cak a wannan hali, tana iya kamewa da bel ɗin gaba ɗaya. In haka ta sake faruwa, ka nemi gefen da ke da dusa ka ratsa ta, ko ka tsaya ka watsa ta ciki da hannu. Maganin dindindin kuwa shi ne 'yan ƙarafan nan masu sifirin da ake ɗaurawa a gefen gado, suna karce ƙanƙara suna fesa garinta cikin bel. Masu injin da ruwa ke sanyayawa sun fi kowa buƙatarsu, don wannan feshin ne ke sanyaya ruwan injin ma.

Ƙarar tat-tat kuwa, haƙoran da ke jan bel ne ke tsallake gurbinsu saboda ka sassauta shi da yawa. Kada ka ci gaba da hawa a haka, yana cin haƙoran cikin bel. Ka ɗaga baya a kan abin tsayarwa mai ƙarfi, ka kashe inji ka cire igiyar makulli, ka auna. Ski-Doo a samfura da dama na cewa a danna tsakiyar bel da ƙarfin kilo 7.3 a samu tazarar milimita 30 zuwa 35 tsakaninsa da robar silalo. Kamfanin Polaris kuma nauyin kilo 4.5 yake cewa a rataya santimita 40 gaba da gatarin baya, tazarar kuma ta danganta da samfur. Ka sassauta ƙusar gatarin, ka juya notunan ɗauri biyu daidai wa daida, sannan ka tada inji ka juya bel a hankali 'yan zagaye, ka bar shi ya tsaya da kansa ban da birki, ka kashe, ka duba ko tazarar hagu da dama ɗaya ce. Lokacin da bel ke juyawa a sama kada kowa ya tsaya a bayansa, ko yaro ko babba, don dutse ko ƙusar da ta fita tamkar harsashi ce.

Kafin ka sauke babur, ka shafa robar silalon da yatsa tun daga gaba. A gefenta akwai siririn layi da aka yi don nuna iyakar ci. Ta fi saurin cinyewa a wurin da ƙarfen ya lanƙwasa sama, kusa da gaba, kuma bayan irin zafin da ta sha a tafkin nan ina zaton a nan za ka tarar ta kai layin. In ta kai ko da a wuri ɗaya ne, ka canza duka biyun. Ana kwance ƙusa ɗaya a gaba, a daidaita tagar bel, wato ɗaya daga cikin ramukan da ke jikinsa, da ƙarshen ƙarfen, a zaro tsohuwar ta baya, a shafa wa sabuwar ɗan ruwan sabulu a tura ta ta hanyar da waccan ta fito.